Ƙwayar maganin sanƙo: a ina ake samun ta gaskiya, kuma dole ne sai da takardar likita?

Ɗan_Fagge92:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga likitoci da masu kantin magani na wannan zaure. Matashi ne ɗan shekara 29, gashin tsakiyar kai ya fara sirancewa, gefen goshi biyu kuma suna ja da baya. Ana ta tallan finasteride da ƙwayar minoxidil a Instagram da WhatsApp, ka tura kuɗi a aiko maka ta tasha. Wani mai kemis kuma ya ce ba sai da takardar likita ba. To wace hanya ce ta dace a doka, kuma ta yaya mutum zai tabbatar ba jabu aka ba shi ba?

Likitan_Fata:
Wa alaikumus salam. Kafin maganar inda za a saya, akwai maganar wane irin zubewar gashi ne. Finasteride iri ɗaya tak yake magani, wato sanƙon gado na maza. A jiki akwai wani sinadari mai juya hormon ɗin maza, testosterone, ya koma DHT. Ga wanda ya gaji sanƙo, DHT ɗin ne ke tsuke saiwar gashin goshi da na tsakiyar kai, gashin ya riƙa fitowa siriri kuma gajere har ya daina fitowa. Ƙwayar tana rage DHT na jini da wajen kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Shi ke nan aikinta.

Saboda haka idan zubewar ta makero ce, mai ƙaiƙayi da amosani da guntulallen gashi, maganinta griseofulvin ko terbinafine na makonni. Idan wani fili ne zagayayye sumul kamar an aske da reza, ya bayyana cikin kwanaki, wannan garkuwar jiki ce ke kai wa gashin hari, hanyarsa dabam. Idan kai gaba ɗaya ne ke zuba wata biyu zuwa uku bayan taifot ko zazzaɓi mai tsanani ko tiyata, yawanci da kansa yake dawowa. Ga ƙarancin sinadarin ayon mai gina jini, ga matsalar tayroyid, wato ƙullin nan na gaban wuya mai fitar da hormon, har ciwon sanyi na sifilis yana zubar da gashi tsalli-tsalli. Duk waɗannan ko shekara goma aka yi ana haɗiyar finasteride ba abin da zai canza. Bayanin da ka yi ya yi kama da sanƙon gado, amma a bar likita ya sa ido a kan fatar kan tukuna.

Famasis_Zoo_Road:
Ta fuskar doka amsar gajeriya ce, Malam Ɗan_Fagge. Finasteride, dutasteride, spironolactone da minoxidil na haɗiya, ƙwayoyin da ake ba masu zubewar gashi, duk suna cikin rukunin da ba a bayarwa sai da takardar likita. Minoxidil na shafawa, mai kashi 2 ko kashi 5, shi ne kawai za ka iya saya kai tsaye.

Mai kemis ɗin da ya ce maka haka ya wuce gona da iri. Lasisin da PCN, hukumar da ke kula da famasi da kantunan magani a Najeriya, ke ba masu kemis na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takarda ne, irin su parasitamol da ORS da makamantansu, kuma a cikin kwalinsu na asali. Maganin takardar likita sai a famasi mai rajista, inda akwai famasis da ke kula da wurin. Idan ka shiga ka duba bango, ya kamata ka ga lasisin wurin na wannan shekarar da sunan famasis ɗin. In babu a rataye, ka tambaya. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar.

AbuSadiq_KD:
Famasis, da girmamawa, wannan doka ce ta takarda. Kantuna nawa ne a Kano ko Kaduna za su mayar da mutum don bai zo da takarda ba? Kuma likitan fata nawa gare mu? Mutum zai yanki kati, ya jira layi, a ba shi wata biyu, duk don ƙwayar da miliyoyin mutane ke sha a duniya.

Famasis_Zoo_Road:
Ban musa maka ba cewa ana sayarwa a haka. Amma shi tambayarsa hanyar da ta dace ya yi. Sannan ba dole ne sai likitan fata ba. Duk likitan da ke da rajista da MDCN, wato hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, ko a babban asibitin gari ko a asibitin kuɗi, zai iya duba sanƙon gado ya rubuta finasteride. Sai in abin ya zo da ja, ko ƙuraje, ko tabo, ko mace ce, sannan a tura sashen fata na asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, ko Shika, ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Takarda mai kyau tana ɗauke da sunan mara lafiya da shekarunsa, kwanan wata, sunan maganin na asali ba na kamfani kawai ba, ƙarfinsa, yadda za a sha, tsawon lokaci, sai sunan likita da sa hannunsa da hatimin asibiti. Misali: finasteride 1mg, ɗaya kullum, wata uku. Ka roƙi a rubuta sunan asali, domin hakan zai ba ka damar ɗaukar na kamfanin da ke da araha matuƙar yana da rajista.

Likitan_Fata:
AbuSadiq, bari in faɗa maka abin da ake tambaya a wannan minti goman da kake ganin ɓata lokaci ne. Ko mutum na fama da ciwon damuwa ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Ko dama yana da raunin gaba. Ko shi da iyalinsa suna neman haihuwa a yanzu. Ko yana da ciwon hanta, tunda a hanta ake sarrafa maganin. Ko a danginsa akwai kansar furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Kowace amsa a nan tana iya sauya shawara. Mai tura magani ta tasha ba zai tambaye ka ko ɗaya ba, lambar asusu kawai zai turo.

Nas_Maryama:
Likita, a buɗe maganar illa sosai don maza ba sa son tambaya a fili. A gwaje-gwajen da aka yi kafin Amurka ta amince da finasteride 1mg a 1997, raguwar sha'awa da raunin gaba da raguwar maniyyi sun samu kaɗan daga cikin masu sha, kowanne ƙasa da mutum biyu cikin ɗari, kuma an samu wasu ma a cikin waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a ciki. Yawanci yana wucewa in an daina. Amma akwai waɗanda suka kai rahoton abin ya ci gaba bayan sun daina, shi ya sa a 2012 aka ƙara wannan gargaɗin a takardar maganin a Amurka. A 2024 hukumar magunguna ta Birtaniya ta sa a riƙa saka katin gargaɗi a cikin kwali kan matsalar sha'awa da ta damuwa. A 2025 ita ma hukumar Tarayyar Turai ta tabbatar da tunanin kashe kai a jerin illolin finasteride, duk da ta ce amfaninsa ya rinjayi haɗarinsa. Ƙa'idar ita ce wanda yake shan na 1mg ya ji ransa na ɓaci ba dalili, ya daina nan take ya koma wurin likita. Haka in ya ji ƙullutu ko zafi a nono, ko ruwa na fita daga kan nonon.

SaniTela:
Tabɗi. Gara sanƙon ai. Hula zanna ta rufa asiri.

AbuSadiq_KD:
Kai ma dai Sani. Ƙasa da biyu cikin ɗari fa aka ce.

Likitan_Fata:
Dukkanku kuna da hujja, kuma ba wanda za a tilasta wa. Sanƙo ba ciwo ba ne mai kisa, don haka mizanin yarda da illa a nan ya fi tsauri fiye da na maganin hawan jini. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya sha bai sani ba, ko ya ƙi sha saboda tsoron da ba a auna ba.

Kuma a san abin da za a samu. Maganin ya fi ƙarfi wajen tsayar da zubewa da cike tsakiyar kai. Gefen goshin da ya riga ya ja baya ba kasafai yake dawowa yadda yake ba. Wurin da ya yi sumul yana ƙyalli shekara da shekaru, saiwar ta mutu, ƙwaya ba ta tayar da ita. Ba a ganin komai kafin wata uku, ba a yanke hukunci kafin shekara. Ranar da aka daina, cikin wata goma sha biyu abin da aka riƙe zai tafi. Wanda bai shirya sayen magani na shekaru ba, ya yi tunani tun yanzu.

Ɗan_Fagge92:
Na gode ƙwarai. To saura maganar jabu. Ko da takardar a hannu, ta yaya zan gane kwalin?

Mai_Duba_Kwali:
A nan gizo ke saƙar. Abu na farko lambar rajistar NAFDAC a jikin kwali. Amma ganin lamba kawai bai isa ba, masu jabu ma suna bugawa. Ka shiga Greenbook na NAFDAC, wato jerin magungunan da ta yi wa rajista, akwai shi a intanet akwai manhajarsa ta waya, ka rubuta lambar ko sunan maganin. Sai ka gwada abu huɗu: sunan maganin, ƙarfinsa, kamfanin da ya yi, da wanda ya shigo da shi. Ana samun lamba ta gaskiya amma ta wani magani ce dabam aka ɗora. In ka ga lambar ta fito da sunan maganin tari, ka ajiye kwalin.

Na biyu, ka buɗe a gaban mai shago. Lambar rukunin da aka buga a kwali da ranar ƙarewar aiki dole su zo daidai da na jikin katin ƙwayoyin. Ka duba ko an kankare kwanan wata ko an liƙa wata takarda a kai. Takardar bayani ta ciki ta kasance, kuma da harshen da za ka iya karantawa. Kwalin da rubutunsa duka da Turkanci ko Rashanci ne, ba lambar NAFDAC, to ba ta ƙofa ya shigo ba, ko da na gaskiya ne a ƙasarsu. Ƙwayoyi tsirara a farar leda ko a robar da ba suna, kada ma a tsaya ciniki. Ka karɓi rasit, ka ɗauki hoton lambar rukunin, don in wani abu ya faru da ita za a bi sawu.

Kada ka dogara da lambar nan da ake kankarewa a tura ta tes. An fi sa ta a magungunan maleriya da na kashe ƙwayoyin cuta, rashinta a kwalin finasteride ba ya nuna komai.

Alhajin_Dangwauro:
Ƙari a kan wannan. Tun da aka tashi 'yan magani daga Sabon Gari zuwa cibiyar sari ta Dangwauro a kan titin Zariya a 2024, wasu na ɗauka can za su je su sayi kati ɗaya da araha. Wurin na sari ne, an yi shi don famasi da asibitoci da masu lasisi. Mai sha ya tafi famasi. Kuma ku tuna samamen da NAFDAC ta kai kasuwannin magani na Onitsha da Aba da Idumota a farkon 2025, abin da aka fi kamawa har da magungunan da wa'adinsu ya ƙare aka sake musu kwanan wata. Ga zafi. Finasteride ana son a ajiye shi ƙasa da digiri 30. Maganin da ya kwana a but ɗin mota daga Legas, ko ya yi watan Afrilu a shagon kwano, ba wanda zai ce maka ga abin da ya rage na ƙarfinsa. A gida ma kada a bar shi a aljihun gaban mota ko a kan taga.

Hauwa_Tech:
Ba duk sayen intanet ne haramun ba fa. PCN tana da ƙa'idojin famasin intanet tun 2021, kuma dole ya kasance yana jingine da famasi na zahiri mai rajista da famasis. Alamomin na ƙwarai: akwai adireshin da za ka iya zuwa da ƙafarka, suna neman ka tura hoton takardar likita kafin su saki maganin, akwai famasis da za ka yi magana da shi, kuɗi kuma asusun kamfani ake turawa. Haka ganin likita ta bidiyo, ya halatta in likitan na da rajista, ka nemi cikakken sunansa da lambarsa ta MDCN. In shafi ya ba ka fom mai tambaya uku ya ce an amince cikin minti ɗaya, wannan kanti ne ya sa rigar asibiti.

BabanKhalifa:
Ni tambayata kan na 5mg ce. Ana cewa a sayi na masu ciwon furostet a raba huɗu, ya fi araha nesa ba kusa ba. Gaskiya ne?

Famasis_Zoo_Road:
Sinadarin ɗaya ne. Na 5mg shi aka fara fitarwa a 1992 da sunan Proscar don kumburin furostet, na 1mg ya biyo baya da sunan Propecia. In ka raba huɗu kowane ɓari 1.25mg ne a lissafi, kuma akwai likitocin da ke rubuta hakan saboda tsada ko rashin na 1mg a gari. Matsalolin su ne waɗannan. Ƙwayar ƙarama ce, ba ta da layin rabawa, da wuƙa ko reza ba ta fashewa daidai. Wannan bai cika damuwa ba, tunda bambancin kaɗan ba ya sauya sakamako. Babbar matsalar ita ce rufin da aka yi wa ƙwayar an yi shi ne don kada a taɓa sinadarin. Mace mai ciki ko mai iya ɗaukar ciki ba a so ta taɓa fasasshiyar ƙwaya ko garinta, domin in namiji ne a cikin, maganin na iya hana al'aurarsa ƙira daidai. Wanda likita ya amince masa ya raba, ya sayi ɗan abin yanka ƙwaya mai murfi, ya raba ɗaya kawai a lokaci guda, ya zuba ragowar a ƙaramar kwalba mai murfi da suna a jiki, ya goge wurin, ya wanke hannu. Ba a kan faranti ko tiren kicin ba. In uwargida na da ciki, ni shawarata a haƙura da arahar a sayi na 1mg.

Kuma shan 5mg ɗin gaba ɗaya ba ya ƙara gashi, kada wani ya ce bari ya yi sauri.

Nas_Maryama:
Abu biyu da ake mantawa. Mai shan finasteride ba ya ba da jini sai ya yi wata ɗaya da dainawa, mai dutasteride wata shida, saboda ana iya ƙara wa mai ciki jinin. A nan da ake kiran ɗan'uwa da tsakar dare ya zo ya ba matar wansa jini a ɗakin haihuwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ya faɗa wa ma'aikacin lab. Na biyu, maganin yana rage sakamakon gwajin PSA, wato gwajin jini na duba furostet, da kusan rabi. Wanda ya haura arba'in ya yi gwajin kafin ya fara, kuma duk lokacin da za a sake ya ce yana shan finasteride, in ba haka ba a ga lamba ƙasa a ce lafiya lau alhali ba haka ba ne.

Ummu_Sultana:
Likita, duk maganar ta maza ce. Mata fa? Gaban goshi ya cinye wa mata da yawa, kuma masu kayan mata sun fara haɗawa da ƙwayoyi a cikin kayan gyaran gashi.

Likitan_Fata:
Hajiya, na mata ya fi buƙatar a duba, don yawancinsa ba na hormon ba ne. Cinyewar gaban goshi da saman kunne galibi jan kitso ne: ƙananan kitso masu tsauri, atach mai nauyi, ɗaure gashi tamau a ƙarƙashin ɗankwali. Alamar farko ƙananan ƙuraje a layin kitso da ciwon kai ranar da aka yi shi. In an sassauta da wuri yana dawowa, in an daɗe ya zama tabo. Akwai kuma wani da ke farawa daga tsakiyar kai yana faɗaɗa a zagaye, an fi ganinsa a matan baƙar fata, wani lokaci da zafi ko ƙaiƙayi. Shi kumburi ne ke cinye saiwar, maganinsa na rage kumburi ne, kuma duk watan da aka ɓata ana shafa mai, an yi asarar gashin da ba zai dawo ba. Zubewar bayan haihuwa, wata biyu zuwa huɗu, ita ba ta son komai sai abinci mai kyau da duba jini.

In an tabbatar sanƙon gado ne na mata, inda tsagar tsakiya ke faɗi, ana fara da minoxidil na shafawa. Daga nan likita na iya ƙara spironolactone, a fara da 25 ko 50mg a hau a hankali. Asalinsa maganin fitar da ruwa ne, yana tara fotasiyam a jini, don haka mai ciwon ƙoda ko mai shan maganin hawan jini irin lisinopril ko losartan sai da gwajin jini. Yana rikita al'ada, kuma ba a haɗa shi da ciki. Finasteride ba a amince da shi ga mata ba, kuma haramun ne ga mai ciki. Ƙwayar da aka cusa cikin kayan gyara ba suna ba awo, kada a sha.

AbuSadiq_KD:
To minoxidil na haɗiya fa? Shi yanzu ake yayi, an ce ya fi na shafawa kuma ba ya taɓa mazakuta.

Dr_Zuciya:
Ba ya taɓa hormon, gaskiya ne. Zuciya da jijiyoyin jini yake taɓawa. An amince da shi a 1979 don hawan jinin da ya gagari sauran magunguna, fitowar gashi illarsa ce da aka lura da ita. Ba a yi masa rajista a matsayin maganin gashi na haɗiya ba, likitoci ne ke rubuta shi da ƙaramin awo bisa hukuncinsu, kuma doka ta ba su wannan damar. Mata galibi 0.625 zuwa 1.25mg, maza 2.5, iyaka 5mg a rana. Kafin a fara a auna hawan jini da bugun zuciya, a tambayi ciwon zuciya, ciwon ƙoda, da sauran magungunan hawan jini da mutum ke sha. Mai ciki da mai shayarwa ba sa sha.

Illar da aka fi gani gashi a fuska da hannu da baya, abin da ke sa mata da yawa dainawa. Sai kumburin idon sawu, jiri in an miƙe, bugun zuciya, ciwon kai. Wadda ba a cika gani ba amma ita ce mai haɗari, taruwar ruwa a jakar da ke kewaye da zuciya. Alamun zuwa asibiti a ranar: bugun zuciya ya ƙaru da 20 a minti sama da yadda aka saba, nauyi ya ƙaru da fiye da kilo biyu cikin 'yan kwanaki, numfashi na wuya in an kwanta, ko ciwon ƙirji.

Sannan a kula da awo. Ƙwayar tana zuwa da ƙarfi dabam-dabam, akwai 2.5 akwai 5 akwai 10mg. Wanda aka rubuta wa rabin ta 2.5 aka miƙo masa ta 10 ya raba biyu, ya sha ninki huɗu. Wanda ake haɗawa a kafso da hannu kuma ya dogara da ma'aunin mai haɗawa, kuma an samu mutanen da suka kwanta asibiti a Turai saboda kuskuren haɗi.

Famasis_Zoo_Road:
Dr_Zuciya ya tuna min da wata ɓarna da ke yawo a bidiyo, wai a ɗiga na shafawa a ruwa a sha tunda ƙwayar na wuyar samu. Ku yi lissafi. Kashi 5 cikin ɗari na nufin 50mg a kowane mililita ɗaya. Cikin bututun ɗigawa ɗaya da ake shafawa a kai daidai yake da ƙwaya ashirin ta 2.5mg. Kuskuren ɗigo kaɗan ya isa ya faɗar da jinin mutum. Kwalbar kuma a ɓoye ta daga yara. Wanda ya shafa ya wanke hannu, ya bari ya bushe, kada jariri ya kwanta a matashinsa, an samu jariran da gashi ya fito musu a jiki ta haka. Masu kyanwa a gida su ma su kula, yana kashe ta.

SaniTela:
Ashe dai hular tawa ce mai lafiya.

Malam_Habu_Zinder:
Mu a nan Damagaram matsalar masu tallan magani a tire da kan baro ce, rana na dukansa tun safe. Dokar ɗaya ce, takardar likita sannan famasi. Tambayata ga Famasis: wanda ya je Umara ko Dubai ko Masar ya sayo fa?

Famasis_Zoo_Road:
Malam Habu, in don kansa ne, ya saya a famasi na can mai lasisi, ya bar shi a kwalinsa, ya riƙe takardar likita da rasit, kuma adadin ya zama na shan mutum ɗaya na 'yan watanni. Cika jaka don a sayar a gida shigo da magani ne ba rajista, laifi ne ko da maganin na gaskiya ne. Wata matsalar kuma ita ce in ya ƙare. Maganin na kullum ne, wanda ya dogara da sai wani ya yi tafiya zai riƙa yankewa wata biyu wata uku, gashin na zuwa yana komawa. Gara tun farko a zaɓi wanda ake samu a garinku.

BabanKhalifa:
Dutasteride fa da Nas ta ambata, ba ya fi ƙarfi ba?

Likitan_Fata:
Ya fi rage DHT, sama da kashi 90. Koriya ta Kudu da Japan sun amince da shi don sanƙo, a yawancin ƙasashe kuwa rajistarsa ta furostet ce. Awonsa 0.5mg. Abin lura, finasteride cikin kwana ɗaya zuwa biyu ya bar jini, shi kuwa dutasteride sai ya yi wajen mako biyar kafin rabinsa ya fita. In illa ta zo za ta daɗe. Shi ya sa ba da shi ake farawa ba, sai an ba finasteride shekara an ga bai riƙe ba. Kafso ne mai ruwa a ciki, ba a fasa shi ba a taunawa.

Kan neman haihuwa da na ambata a sama, su biyun suna iya rage yawan ƙwayoyin maniyyi ga wasu maza, musamman wanda dama nasa na da rauni, kuma yawanci yana gyaruwa bayan an daina. Wanda ya yi shekara yana nema bai samu ba, ya gaya wa likitan da ke duba su cewa yana sha.

Ɗan_Fagge92:
Allah Ya saka da alheri. In na fahimta: likita ya duba, a rubuta, famasi mai lasisi, a duba Greenbook. Da azumi fa, yaya ake sha? Kuma in an manta kwana ɗaya?

Nas_Maryama:
Finasteride sau ɗaya ne a rana, da abinci ko babu, don haka da sahur ko bayan buɗa-baki duk ɗaya, a dai tsayar da lokaci guda. In an manta a wuce, gobe a sha ɗaya, ba a ninkawa. Masu minoxidil na haɗiya da spironolactone su ne za su yi magana da likita kafin azumi, saboda ƙishirwa da zafi na ƙara jiri, an fi mayar da su bayan buɗa-baki. Ka ɗauki hoton kanka kafin ka fara, gaba da sama, a wuri ɗaya da haske ɗaya da tsawon aski ɗaya, ka maimaita duk wata uku. Madubi na kullum ba ya nuna canji. In ka haɗa da minoxidil, zubewa na iya ƙaruwa a makonni biyu zuwa takwas na farko, tsohon gashi ne ke ba sabo wuri, ba dalilin dainawa ba ne. Duk illar da aka gani kuma ana iya kai rahotonta ga NAFDAC ta manhajar Med Safety, ko ta hannun famasis ɗin da ya ba da maganin.

AbuSadiq_KD:
Na karɓi maganar minoxidil, wannan ba abin wasa ba ne. Amma kan finasteride har yanzu ina ganin bayan ganin likita na farko, sake yankar kati duk wata uku don a maimaita rubutu ɗaya wahalar da mutane ce kawai.

Famasis_Zoo_Road:
Ba sai duk wata uku ba. Likita na iya rubuta a maimaita sau kaza a takarda ɗaya, famasi ya riƙa sa hatimi da kwanan wata duk lokacin da ka karɓa. Yawanci ana son a gan ka bayan wata uku na farko, daga nan wata shida ko shekara. Ka roƙi hakan tun a zaman farko.

Ummu_Sultana:
Likita, ƙwayoyin biotin da ake sayarwa a roba fa, su ma sai da takarda?

Likitan_Fata:
A'a Hajiya, su ƙarin abinci ne, amma su ma a duba lambar NAFDAC. Ba sa tsayar da sanƙon gado, sai ga wanda ke da ƙarancin biotin ɗin, kuma hakan ba kasafai ba ne. Ƙwayoyin masu yawan awo suna ɓata sakamakon gwajin tayroyid da gwajin jini na ciwon zuciya, don haka in za a ɗebi jininki ki faɗa, galibi za a ce ki dakata da sha na kwana biyu zuwa uku kafin gwajin.